Ni da Uban Leshchenko

Lokacin da nake karatu a birnin Voronezh na Rasha, haya na kama a gidan wata tsohuwa a hawa na huɗu, daga ni sai ita sai kyanwarta. Babushka nake ce mata, wato kaka da Rashanci. Mace ce mai kirki, amma tana da doka guda: ranar 1 ga Janairu talabijin nata ne, kuma duk mai numfashi a gidan sai ya zauna an kalli Pesnya Goda, bikin waƙoƙin shekara. Kyanwar ma ba ta tsira ba.

Ni kuwa jarrabawa ce a gabana, don a Rasha da an gama hutun sabuwar shekara ita ake faɗawa. Na lallaɓa zan wuce ɗaki da littafina, ta ce, "Zauna, ɗana, littafi ba ya gudu." Ta turo mini kwanon salad ɗin Olivier da ta yi da kaza saboda ni, da lemo tuli guda, da wani abu wai shi holodets, wato farfesun ƙafar saniya da aka bari ya daskare har yana rawa in an taɓa farantin. Na yi bisimilla na runtse ido.

Kafin a fara na bana a tashar Rossiya 1, wata tashar tana maimaita na shekarun 1970. Wani saurayi ya fito cikin kwat, gashi a kwance, yana waƙa yana murmushi. Babushka ta dafe ƙirji ta ce, "Lev Leshchenko." Da muka koma na bana sai ga wani dattijo, irin kwat ɗin, irin murmushin, an rubuta Leshchenko a ƙasa. Na ga dama ta samu in nuna ina biye. Na ce, "Kai, Babushka, ashe mahaifinsa ma mawaƙi ne! Lallai gado ba karambani ba."

Ta ajiye cokali. Ta dube ni ta saman tabarau. "Shi ne," in ji ta. "Shi ɗin ne dai."

Na yi tsit ina neman inda zan gyara. Can sai ga wata kyakkyawa da baƙin gashi har kafaɗa, aka ce Sofia Rotaru. Na tuna na ga mai irin sunan a tsohon shirin, sai na ce, "Ita kuma wannan ta ɗauko uwarta sak." Ashe ita ce ma, kuma a 1947 aka haife ta. Garin gyaran gira na rasa ido.

Babushka ta rage murya, ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kujera, ta fara karanta mini tarihi. A 1971 aka fara bikin, zamanin shugaban Sobiyet Brezhnev, aka nuna na farko ranar 1 ga Janairun 1972. Igor Kirillov, mai karanta labaran dare, shi da Anna Shilova suka gabatar. A lokacin masu kallo ke aika wasiƙu gidan talabijin a Mosko suna faɗin waƙar da suka fi so, kuma gwangwanin nan cike yake da kwafin wasiƙunta, duk Leshchenko take zaɓa. Marigayi mijinta, in ji ta, har yaji ya taɓa yi zuwa kicin kan wannan magana. Ta ce Tarayyar Sobiyet ta ruguje a 1991, kuɗi ya zama takarda, amma masu gabatarwa Angelina Vovk da Yevgeny Menshov suka ci gaba da fitowa duk Janairu, mawaƙi Iosif Kobzon yana tsaye ƙyam da gashinsa. Daga baya mawaƙiya Alla Pugacheva ta karɓi ragamar bikin. A nan Babushka ta taɓe baki kawai, ni ma ban tambaya ba, na koyi hankali.

Muna cikin haka maƙwabtanta biyu suka shigo da kek. Ta ba su labarina tun daga uba har uwa, suka yi dariya har da share hawaye. Sai ɗaya ta yanke hukunci: tunda na zagi mawaƙansu, in tashi in yi waƙar ƙasarmu a ji.

Wallahi kaina ya ɗauke wuta. Duk waƙoƙin da na sani suka gudu, ba abin da ya rage sai jerin jihohi da manyan biranensu da muka haddace a firamare. Na miƙe, na ɗora hannu a ƙirji irin na Kobzon, na ja murya: Abiya Umuahiya, Adamawa Yola, ina yi a hankali ina lumshe ido. Kafin in kai Zamfara Gusau ɗakin ya yi shiru, Babushka na goge ido da gefen ɗankwali.

"Kan me waƙar take, ɗana?"

Na ce, "Kan ƙasa ce, Babushka." Ban kuwa yi ƙarya ba.

Maƙwabciyar ta ce ita baitin nan ne ya fi taɓa ta, inda mutum ya kira Sakkwato har sau biyu, don Allah in maimaita daga farko.