Fuskar sarauniyar Faransa da kirarin Bawa Jan Gwarzo

Mu da ke zaune a Paris mun saba jin wannan magana daga bakin 'yan uwa da suka zo ziyara, idan an zagaya da su gidan tarihi na Louvre ko fadar Versailles: "Kai, Turawa sun adana tarihinsu, har kamannin sarakunansu suna nan." Gaskiya ne sun adana. Inda ban yarda ba shi ne ɗaukar waɗannan zane-zane a matsayin kamannin mutanen yadda Allah Ya halicce su. Ni a ganina kirari ne, aikin da makaɗan fada ke yi a ƙasar Hausa, sai dai su da fenti suka yi nasu.

Dubi zanen Madame de Pompadour da Maurice Quentin de La Tour ya nuna a 1755. Ya zaunar da ita riƙe da takardar kiɗa, a gefenta ga littattafan manyan marubuta Voltaire da Montesquieu. Ba haka kawai aka jera su ba. Matar da ake yi wa kallon daduron sarki Louis na 15 tana son a san ta da ilimi, mai zane kuwa ya biya mata bukata, aka biya shi.

Labarin Marie Antoinette, sarauniyar Faransa, ya fi taɓa ni. A 1783 Élisabeth Vigée Le Brun ta zana ta cikin farar riga mara nauyi, ba ado. Da aka rataye zanen a baje kolin da ake kira Salon, sai gari ya ɗauka, wai sarauniya ta fito da kayan ɗaka. Dole aka sauke shi, aka maye gurbinsa da wani, tana sanye da siliki, fure a hannu. A 1787, bayan sunanta ya ɓaci kan badaƙalar wata sarƙar lu'ulu'u da 'yan damfara suka saya da sunanta, aka sake zana ta da 'ya'yanta uku kewaye da ita, don a tuna wa jama'a uwa ce. Bai yi magani ba. A 1793 aka fille mata kai.

A daidai wannan zamanin Bawa Jan Gwarzo ke sarautar Gobir a Alkalawa. Ba wanda ya san tsayin hancinsa ko hasken fatarsa, kuma wannan bai dame ni ba, domin kirari ya faɗa mana yadda yake so a tuna da shi, kamar yadda fenti ya yi wa sarauniya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Zanen 1787 yana nan a Versailles, da masu gadi da masu gyara, yaran makaranta na tururuwar kallo. Yawancin abin da ya rage na kirarin sarakunan Gobir kuwa yana bakin dattawa a Tsibiri da Sabon Birni, ga shi shekaru na tafiya da su.