Hujjar kare kai ba ta ba kowa lasisin tsallaka iyaka ba

Duk ƙasar da ta harba makami cikin wata ƙasa a yau, kafin ƙura ta lafa za ka ji kakakinta yana cewa kare kai suka yi. Amurka ta faɗi haka a Siriya a 2014, Turkiyya ta sha faɗa a arewacin Iraƙi, Iran da Pakistan kuma suka yi musayar wuta a Janairun 2024, kowacce na cewa 'yan bindigar da ke fake a ƙasar ɗayar ta kai wa hari.

Yarjejeniyar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1945 ba ta bar ƙofar a buɗe haka ba. Sashe na 2 sakin layi na 4 ya haramta amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa. Sashe na 51 ya yi togaciya: idan an kawo maka hari da makami kana iya kare kanka, amma ka sanar da Kwamitin Sulhu nan take, kuma damar tana nan ne har kwamitin ya ɗauki mataki.

A duba shari'ar Kongo da Yuganda. Yuganda ta ce 'yan tawayen ADF ne ke kawo mata hari daga gabashin Kongo, shi ya sa ta tura sojoji. Gaskiya ne ADF ta kashe mutane. Amma a Disambar 2005 Kotun Duniya da ke Hague ta ce babu shaidar cewa gwamnatin Kongo da ke Kinshasa ce ta aiko su, Yuganda ba ta kai rahoto ga Kwamitin Sulhu ba, kuma kame filayen jiragen sama da garuruwa masu nisan ɗaruruwan kilomita daga iyaka ya wuce gona da iri. A 2022 kotun ta umarci Yuganda ta biya Kongo diyyar dala miliyan 325. Abin lura, da Yuganda ta koma farautar ADF ɗin nan a ƙarshen 2021, da amincewar Kinshasa ta shiga. Ashe hanyar halak tana nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Yuganda ta fara biya, amma da wannan kotu ta samu Amurka da laifin amfani da ƙarfi a kan ƙasar Nikaraguwa a 1986, sai Amurka ta yi watsi da hukuncin, ta kuma hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Kashin dankali ke nan.

Yanzu ana tallata sabuwar fatawa, wai idan ƙasa ta gaza ko ta ƙi murƙushe 'yan bindigar da ke cikinta, wata na iya shiga ta yi da kanta. To wa zai tantance gazawar? Mai jirgin yaƙin ne. Na yarda ba wanda zai naɗe hannu ana kashe masa jama'a, sai dai wannan fatawa ƙasashe masu rauni kawai take ci, kuma akwai irinsu da yawa a Sahel da yankin Tafkin Chadi.

Dokar ƙasa da ƙasa tana ginuwa ne a kan abin da gwamnatoci ke aikatawa da abin da suke faɗa, shiru kuma ana iya ƙirga shi a matsayin yarda. Don haka duk sanda aka kai irin wannan hari, ko a ina ne, ya kamata Najeriya da sauran ƙasashen Tarayyar Afirka su rubuta wa Kwamitin Sulhu ƙin amincewarsu a takarda.