Hawan jinin gado na bakwai

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin jinya aka tura ni ɗakin maza na wani babban asibiti, ƙarƙashin wata Sista wadda ta fara aiki tun kafin a haife ni. Ba ta da yawan magana, amma da zarar ta dubi tafin hannun mara lafiya da cikin fatar idonsa sai ta ce a kai jininsa awo, kuma sakamakon yakan tabbatar da cewa jinin ya yi ƙasa. Ni kuwa kaina cike yake da karatu, har na haddace cewa wani likita ɗan Rasha mai suna Korotkof ne ya bayyana, a 1905, sautin da ake saurare wajen awon hawan jini.

Wata rana da asuba, muna ƙarshen aikin dare, Sista ta miƙo mini ma'auni ta ce in duba mai gado na bakwai. Na tarar da dattijo kwance ya lulluɓa da bargo, na gaishe shi, ya amsa da "Sannu likita", domin a wurin mutanenmu duk namijin da ya sa farin kaya likita ne, ni kuma ban ga dalilin gyara masa ba. Na zaunar da shi, na bari ya huta minti biyar, na naɗa madaurin a damtsensa daidai da saitin zuciya, na hura, na saki iskar sannu a hankali ina kasa kunne. Sai ga 180 bisa 110, alhali daren jiya katin ya nuna 120 bisa 80. Na maimaita, lambar ba ta sauya ba.

Da sassarfa na isa teburin Sista ina zayyano abubuwan da ka iya haddasa wannan tashi, tun daga ƙoda har zuwa ƙarin ruwa. Ta tashi ba gaggawa, ta ƙaraso bakin gadon, ta dubi dattijon sau ɗaya, sannan ta ce, "Ɗana, mai gadon nan shekaranjiya aka yi masa aikin ƙaba. Ina ɗinkin?" Kafin in buɗe baki sai ga wani dattijon ya shigo a hankali, riƙe da buta, yana dafe da mara. Ashe mara lafiyar ya fita alwala ne, wansa da ya kwana a tabarma yana jinyarsa ya haye gadon don ya miƙe bayansa.

"Baba, me ya hana ka faɗa masa?" in ji Sista. Ya ce ai abin kyauta ne, kuma bai saba musu da likita ba.

Sista ta tambaye ni sunan mai gadon, na yi shiru, domin sunan Korotkof kaɗai ke bakina. Daga nan ta karɓi ma'aunin ta sake auna wan da kanta, ta samu abin da na samu, ta sa aka yanka masa kati ya ga likita na gaskiya, wanda ya ɗora shi kan magani ya kuma hana shi yawan gishiri. Har aka sallame su dattijon bai daina gaya wa masu zuwa dubiya cewa lafiyarsa ƙalau ya zo, yaron can mai farin kaya ne ya raba shi da kilishi.