Ku Daina Tafa wa Masu Bin Barewa da Mota

Daren jiya a majalisarmu ta ataya a Aboabo, nan Kumasi, wani ƙanenmu da ya dawo daga hanyar Agadas ya miƙo waya yana washe baki. Bidiyo ne na samari a bayan Hilux, sun tasa barewa a gaba cikin rairayi har numfashinta ya ƙare ta kife, suka ɗaga ta da ƙafafu ana hoto. Kisan ya dame ni, amma shewar da kuka yi ta fi damuna. Har da masu cewa a tura musu su sa a WhatsApp.

Haba 'yan'uwa! Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To wane gudu wanda ke zaune a kan taya huɗu ya ci? Da yunwa ce ta sa su, da na yi shiru. Nishaɗi ne kawai da neman suna a waya, alhali Annabi (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Mace ta shiga wuta saboda kyanwa guda, ku kuwa kuna tafi.

Kun ma san inda ake wannan ta'asa? Duwatsun Azbin da hamadar Tenere a Nijar, inda tsayin dutsen Bagazam ya haura mita 2,000. Ruwan sama kaɗan ne a can, wata shekarar ma ba ya zuwa, dabba kuwa sai ta ci ta ƙoshi take haihuwa. Ka kashe uwa ɗaya, ka kashe na cikinta da na bayanta. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya a 1991, shekara ɗaya tak aka mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari. Mariri, dabbar nan mai dogayen ƙahonni, a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji. Sai a 2016 aka kwaso waɗanda aka kiwata a Abu Dhabi aka sake su a Chadi. Dabbar yankinmu sai an yo mana aronta a jirgi!

Kada wani ya ce ai Nijar ce, ina ruwan Gana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yaushe rabonku da ganin ungulu sun yi dandazo a mahauta kamar lokacin muna yara? Dokar ƙasar nan ta hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba don dabbobi su hayayyafa, amma a cikinku wa ya sani? Sakamakon ƙwallon Ingila dai kuna da shi a ka, saboda cacar da ta cinye muku kuɗin cefane. Tiramol kuwa bari in yi shiru.

Ku ji tsoron Allah, ku daina turawa, ku daina tafi. Mai bin barewa da mota don ku yake yi.

Kakana maharbi ne. In ya ga barewa da ciki sauke baka yake yi ya dawo gida hannu rabbana, kuma ba a taɓa yi masa dariya a Zango ba. Jiya da na faɗi haka a majalisa, wani yaro ce min ya yi ai tsohon bai da mota ne.