Manhajar da ta ƙi buɗewa: yadda ake gyara a Hamburg da yadda na saba a Kano

Wata safiya, bayan na sabunta tsarin Linux da ke kan kwamfutar aikina a nan Hamburg, ƙaramar manhajar da nake haɗa rasitai da ita ta daina aiki. Da na danna ta sai tagarta ta leƙo kamar ƙiftawar ido, ta ɓace. Da a Kano nake, na san hukuncin da mai gyara zai yanke tun kafin in ajiye jaka: “Yallaɓai, sai dai a goge komai a sake zubawa.” Ni ma da wannan makaranta na tashi, kuma hannuna har ya kai kan filashi kafin abokiyar aikina ta tambaye ni ko na duba abin da manhajar ta faɗa kafin ta mutu.

Tsakanin kowace manhaja da allon kwamfuta akwai dillali, wanda shi ke karɓar abin da manhajar ta zana ya kai allo, ya kuma karɓo motsin linzami da bugun madannai ya mayar mata. A Linux, tsohon dillalin shi ne X11, wanda asalinsa ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta 11 kuma ta fito a 1987. Sabon shi ne Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008. Cikin nau'o'in Linux, Fedora ta mayar da shi zaɓin farko a 2016, Ubuntu ta gwada a 2017 ta ja da baya, sannan ta dawo a 2021. Halinsu ya bambanta ƙwarai. X11 gida ne marar katanga, inda kowace manhaja za ta iya leƙa tagar maƙwabciyarta ta kuma ji abin da ake bugawa, shi kuwa Wayland bai yarda manhaja ta san ko wurin da tagarta take a kan allo ba.

Binciken bai kai sa'a guda ba. Na buga echo $XDG_SESSION_TYPE, umarnin da ke nuna wane dillali ne ke aiki, amsa ta fito wayland, alhali kafin sabuntawar a kan X11 nake. Na kunna manhajar daga tagar umarni maimakon danna hotonta, sai ta rubuta cewa ta taɓa wurin ajiyar da ba nata ba. Da na buɗe coredumpctl, wanda ke nuna bayanan faɗuwar manhajoji, na bi sawun kiraye-kirayen da ta yi na ƙarshe, sai na iske ta faɗi ne a cikin laburaren libX11, wato tarin umarnin da manhajoji ke magana da X11 ta cikinsa. Wanda ya rubuta manhajar ya ɗauka duniya ba ta da wani dillali sai X11, saboda haka ya miƙa hannu ya karɓi abin da yake tsammanin igiyar X11 ce, bai duba ba, ya ja. Da na sa GDK_BACKEND=x11 a gaban sunanta, ta buɗe lafiya ƙalau ta hanyar XWayland, wato gadar da aka gina domin tsofaffin manhajoji su ci gaba da rayuwa a sabon gida.

A nan ne na ga ainihin bambancin. Ni na ɗauka an gama, tunda rasitai suna fita. Abokiyar aikin nawa kuwa ta ce sai mun kwafe sawun kiran, mun rubuta sigar tsarin da ta manhajar, mun aika wa mai ita, domin wannan layi da na ƙara ɗauri ne kawai, ba magani ba. Na yarda da ita, kuma a ganina wannan ɗabi'a ce ta fi cancanta mu ɗauka, fiye da kowace sabuwar na'ura. Da na goge kwamfutar na sake zuba tsarin nan, da Wayland ɗin zan sake tararwa, manhajar ta sake faɗuwa a wuri guda, ni kuma in zargi kwamfutar da ba ta yi laifin komai ba.

Sai dai ban ga laifin mai gyara na gida kamar yadda wasu da suka zauna waje suke gani ba. Mutumin da ke da kwastomomi biyar a tsaye, janareta na shan mai, data kuma da kuɗinsa yake saye, ba zai zauna yana karanta sawun kira ba, kuma a Windows da mafi yawan jama'a ke amfani da ita gogewar takan biya buƙata sau da yawa. Lissafinsa daidai ne da halin da yake ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da ake yi a wannan ɓangaren na duniya wajen rufe tsohuwar ƙofa. GNOME ita ce fuskar da ake gani a allo a Fedora da Ubuntu, kuma sigarta ta 49 da ta fito a 2025 ta zo da zaɓin shiga ta X11 a kashe, Ubuntu 25.10 ma ta cire shi daga GNOME ɗinta. Ga wanda ke canza kwamfuta kowace shekara uku, wannan ba komai ba ne. Amma kwamfutocin da ake yarwa a ofisoshin Turai su ne ke sauka kasuwanninmu a matsayin na hannu, wasunsu ɗauke da tsofaffin katunan zane na NVIDIA waɗanda direbansu, wato manhajar da ke sarrafa su, ya tsaya a lamba 470, alhali hanyar GBM ta ware wa zane wurin ajiya, wadda yawancin masu gina Wayland suka dogara da ita, ta shigo ne a lamba 495, a 2021. Ɗalibin da ya sayi irin wannan na'ura a Kano ko Zinder domin koyon rubuta manhaja shi zai fara cin karo da baƙin allo, kuma shawarar da zan ba ƙanena a yanzu ita ce ya zauna a kan fuskar Xfce ko tsarin Linux Mint, waɗanda har yanzu X11 ne tushensu, ya kuma koyi buɗe journalctl, mai nuna rajistar abin da ke faruwa a tsarin, tun kafin ranar da zai buƙace shi.