Feshin Hajiya

A jami'a, ko ka shekara goma kana shaƙar ƙurar alli, in ba ka buga takarda a mujallar bincike ba, kujerar da kake kai ita za ka ci gaba da ɗumamawa. Wannan ne ya kai ni fadamun shinkafa na Kura da ludayin miyar matata a hannu, ina kamfatar ruwa ina leƙawa kamar mai neman zoben da ya faɗi.

Tsutsar sauro nake nema, kuma ba kowace ba. Ta Anopheles, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, kwanciya take yi samɓal a saman ruwa, ta sauron kwata kuwa kai take sokawa ƙasa. Wani manomi ya daɗe yana kallona, can ya ce, "Malam, in yunwa ce ka zo ga ƙosai." Na ce bincike nake. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji tausayin iyalina.

Binciken kansa ba wasa ba ne. Maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, irin su permethrin da deltamethrin, yana kama wata ƙofa ce a jijiyar sauro ya hana ta rufuwa, sai ƙwaron ya sandare ya faɗi. To wasu saurayen sun samu canji ɗaya tak a ƙwayar halittar da ke gina ƙofar, a gurbi na 1014, shi ake kira kdr. Tun 1998 aka bayyana shi a sauron Afirka ta Yamma. Mai ɗauke da shi yakan sha magani ya kaɗe fiffike ya wuce. Ni so nake in ga yadda abin ya yaɗu a wajenmu.

Da na dawo da tsutsar sai na tarar an garƙame ɗakin gwaji, ana yajin aiki. Na kwaso robobi na jera a sito, kusa da buhun masara. Ina murje musu abincin kifi, da suka zama sauro na sa su a keji na raga, ina jiƙa auduga da ruwan sukari ina ɗora musu. Matata ta ce ita ko shayi sai ta yi magana kafin in sayo sukari.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: matan sauro 'yan kwana uku zuwa biyar, guda 25 a kowane bututu mai takardar magani, awa ɗaya cif, sannan a ƙirga matattu bayan awa 24. In waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin ɗari ba, sauron ya fi ƙarfin maganin. Saura kwana ɗaya in yi gwajin Hajiya ta zo daga gida ganin jikoki.

Na dawo daga sallar isha'i na ji gidan yana wani ƙamshi mai hawa kai. Ga Hajiya a ƙofar sito, gwangwanin feshi a hannu, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Kai ɗan nan, wane irin sakaci ne wannan? Sauro har ya yi gida a ɗakinka, da labule da komai?"

"Hajiya, nawa ne. Kiwonsu nake."

Ta dube ni, ta dubi matata, wadda ta juya baya kafaɗunta na rawa. "Inna lillahi. Sa'anninka na kiwon kaji."

Da asuba na shiga da tocila don in yi jana'iza. Ƙasan kejin ya yi baƙi da gawa, amma kusan rabi suna nan daram a jikin raga, wasu ma na kan audugar suna karin kumallo. Hajiya ta leƙo ta ce waɗannan ba sauro ba ne, a yi ta addu'a.

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa ai sakamako ya samu. Da aka janye yajin aiki na niƙa su ɗaya bayan ɗaya na ciro DNA, na yi PCR, wato gwajin duba ƙwayar halitta, da janareta, man kuma daga aljihuna. Yawancin waɗanda suka tsira suna da kdr. Na zauna na rubuta takarda da Turanci mai maiƙo, feshin Hajiya na sa masa suna "gwajin farko a yanayin gida", na tura wata mujalla a Turai wadda kuɗin bugawarta ya haura dala 2,000, haɗe da wasiƙar roƙon a yafe mini.

Wata huɗu shiru. Kullum dai akwatin imel ɗina cike yake da wasu mujallun da ke kirana Farfesa, suna rantsuwa za su buga cikin kwana uku in na biya. Ɗaya ma ta haƙora ce.

Sai ga amsa. Mai dubawa na farko mutumin kirki ne, waƙafi kawai ya gyara. Na biyu kuwa shafi uku ya cika. Ina sauron da ba a fesa wa komai ba don kwatantawa? Wane jinsin Anopheles ne, coluzzii ko gambiae, tunda an raba su tun 2013? Me ya sa ban duba sinadaran P450 da sauro ke narka guba da su ba? Tambaya ta 14 ita ta gama da ni: a faɗi sunan maganin, da adadin da aka fesa, da tsawon lokacin, da ƙwarewar wanda ya yi feshin.

Na kira Hajiya. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, ranar nan sau nawa kika danna gwangwanin?"

"Wa ya ƙirga? Har sai da ya daina tsaki."

"Minti nawa kenan?"

"Ka ce wa Baturen in yana da sauro ya aiko mini da kuɗin mota."

Damina ta sake zagayowa, na koma Kura. Wannan karon da ludayina na kaina, na kuma sayi kwaɗo na sa wa sito. Manomin nan ya hango ni daga nesa, bai ce komai ba, ya aiko yaro da ƙosai.