Mako 12 babu ko sisi: horon ya fi ƙarfin laifin majinyacin da bai yi waya ba

A ƙarshen hunturun nan wani ƙanenmu da ke aikin lodi a wani babban sito a Hamburg ya zo gidana da ambulan biyu a cikin leda. Ɗaya a buɗe take, har ta yi laushi saboda naɗewa da warwarewa. Ɗayar kuwa ko yage ta bai yi ba, ta fi mako biyu a kan firjinsa. Ya ce min, "Yaya, ka duba min. Da na ga tambarin ofishin aiki gabana ya faɗi."

Zazzaɓi ne da ciwon ƙirji suka kwantar da shi kwana biyar. A rana ta biyu ya lallaɓa ya je wurin likita, likita ya ba shi hutu, ya kuma ce masa takardar hutun ta kwamfuta za ta tafi. Shi kuma tun ranar farko ya riga ya ce wa abokin zamansa, wanda suke aiki wuri ɗaya, "Ka faɗa wa oga ba ni da lafiya." Ashe an mayar da abokin zuwa aikin dare a makon, bai ko ga ogan ba. Ambulan ta farko takardar kora ce. Ta biyu daga Agentur für Arbeit take, hukumar da ke biyan kuɗin rashin aiki, tana sanar da shi cewa an rufe masa kuɗin na mako 12. Wannan rufewar ita Jamusawa ke kira Sperrzeit.

A dokar Jamus rashin lafiya ba laifi ba ne. Ma'aikacin da ya kwanta, mai aiki zai ci gaba da biyansa cikakken albashi har mako shida, daga nan inshorar lafiya ta karɓa. Amma sashe na 5 na dokar biyan albashin majinyaci ya ɗora masa wajibai biyu daban-daban. Na farko, ya sanar da wurin aiki nan take cewa ba zai zo ba, da kiyasin kwanakin da zai yi. Na biyu, idan ciwon ya wuce kwana uku, a sami shaidar likita, kuma mai aiki na da ikon neman ta tun kafin nan. Tun daga Janairun 2023 aka daina kai takardar likitan nan mai ruwan ɗorawa da hannu ga masu inshorar lafiya ta gwamnati. Kamfani ne ke ɗauko bayanin ta kwamfuta. A nan mutanenmu da yawa ke zamewa. Likita ya ɗauke maka wajibi na biyu ne kawai. Na farkon yana nan a wuyanka, kuma idan ka aiki wani bai isar ba, kai za a kama.

Ban ga aibu a wannan wajibi ba. Idan mutum ɗaya bai zo lodi ba, abokansa ne za su ɗauki nauyinsa, kuma yawancinsu talakawa ne irinsa. Kira ɗaya kafin a fara aiki haƙƙinsu ne a kansa.

Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo bayan korar. Kuɗin rashin aiki ba sadaka ba ne. Inshora ce da ake cire kashi 2.6 cikin ɗari na albashi dominta, rabi daga ma'aikaci, rabi daga mai aiki. Wanda ya zuba na wata 12 cikin wata 30 da suka wuce ya cancanci kashi 60 na abin da yake karɓa a hannu, ko 67 idan yana da ɗa. Ƙanen nan nawa shekara huɗu ana yanka a albashinsa kowane wata. Ranar da ya buƙaci kuɗin, sai aka auna masa da mudun da ake auna wa wanda ya ajiye aiki don ganin dama, ko wanda aka kama da sata: mako 12. Ba ma jinkiri ba ne kaɗai, domin ana zabge aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na dukan wa'adin da ya cancanta. Mutum ya rasa aikinsa, wannan horo ne babba. A kuma bar shi kusan wata uku da kuɗin haya, da iyali a gida suna jiran aike, alhali shaidar likita na nan ta nuna ba yawo ya tafi ba, wannan dukan biyu ne a kan kuskure ɗaya.

Dokar kanta ba ta ce a yi haka ido rufe ba. Sashe na 159 na dokar da ta tsara kuɗin rashin aiki ya ce sai idan ma'aikaci ya saɓa yarjejeniyar aiki, kuma ya jawo wa kansa rashin aikin da gangan ko da mummunan sakaci, ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ya kuma ba da damar rage mako 12 zuwa shida idan horon zai yi tsanani fiye da kima. Kotunan ƙwadago ma galibi ba sa amincewa da kora a kan irin wannan laifi sai an riga an ba ma'aikaci gargaɗi, Abmahnung, a kan makamancinsa. Mutumin da zazzaɓi ya rufe, ya aika saƙo, ya je likita, a ganina kuskure ya yi, ba mummunan sakaci ba. Ya kamata jami'in da ke da fayil ɗinsa ya fara daga nan, ba daga abin da kamfani ya cike a fom ba.

Sai dai jami'i ba zai ji abin da ba a faɗa masa ba, kuma nan ne abin ya fi yi min ciwo. Mu mutane ne da ko muna gargara, aka tambaye mu jiki sai mu ce "da sauƙi". Muna jin nauyin kiran oga da kanmu, musamman idan ciwon na ɓoye ne, irin basir ko ciwon damuwa. Alhali ba dole ba ne ka faɗi sunan cutar, kuma bayanin da ke isa kamfani ba ya ɗauke da shi. Kafin a rufe kuɗin, hukumar kan nemi jin ta bakin ma'aikaci a rubuce. Ƙanena ya tuna an aiko masa da wani fom, ya ajiye shi har sai ya sami mai karanta masa.

Kwanakin kuma ba sa jira. Mako uku kacal mutum ke da su daga ranar da takardar kora ta iso hannunsa don ya shigar da ƙara a kotun ƙwadago, kuma a matakin farko ba sai da lauya ba, akwai ofishi a kotun da ke rubuta wa mutum ƙararsa. Nasa mako ukun sun riga sun wuce. Abin da ya rage shi ne wata ɗaya na ƙalubalantar hukuncin rufe kuɗin, saura kwana goma sha ɗaya a ciki.

A daren muka zauna muka rubuta. Muka haɗa da shaidar likita, da hoton saƙon da ya tura wa abokinsa da ƙarfe biyar da minti ashirin na asubar ranar farko, muka kuma bayyana cewa ba a taɓa ba shi gargaɗi ba tun da ya fara aikin. Da safe ya kai takardar da kansa, ya sa aka buga masa hatimi a kwafinsa. Har yanzu amsa yake jira, kuma kuɗin hayar watan nan 'yan'uwa ne suka haɗa masa bayan sallar Juma'a.